Darasin POO: adashi ya fi kare da kyanwa koyarwa

Mu da muke shekara ta biyu ta lisans a fannin kwamfuta, darasin da ya fi tsaya mana a rai shi ne POO, wato tsara manhaja bisa abubuwa. A shekarar farko an koya mana rubuta umurni ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma an ce mu fara da tambaya: waɗanne abubuwa ne ke cikin aikin, me kowane ya sani, me yake iya yi? Harshen Java ake amfani da shi, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995.

Matsalarmu misalai ne. Kusan kowace takarda da muke yi wa fotokofi, dabba ce uwa, kare da kyanwa su gaje ta, ɗaya ya yi haushi, ɗaya ta yi kuka. Mun haddace, muna cin jarabawa da shi. Amma jama'a, wa zai biya mu don kare ya yi haushi a allo? Alhali Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, ƴan ƙasar Norwe da suka kawo wannan tunani cikin harshen Simula a 1967, sun yi shi ne don kwaikwayon al'amuran zahiri, irin layin mutane masu jiran a sallame su.

To, mu ɗauki adashi, wanda babu unguwar da ba a yi daga Maraɗi har Damagaram. Kilas kamar ma'aunin bulo ne, obje kuma bulon da ya fito daga ciki. Kilas ɗin Mamba na da suna, da yawan zubi, da ranar kwasa. Kowace mace da ta shiga, obje ce guda.

Inda abin ya fi daɗi shi ne ɓoye bayani. Kowa ya san a kasuwa da dala muke ƙirga: sefa 100 dala 20 ce, jika guda dala 200. A takarda kuwa sefa ake rubutawa. Ku ɗauka mu uku muke rubuta manhajar, ɗaya na lissafi da dala, biyu da sefa, kuma kowa na iya taɓa kuɗin asusu daga inda ya ga dama. Ranar kwasa wata za ta ga kasonta ya ninka sau biyar, ko ya ragu sau biyar, kuma wallahi ba allo za a zaga ba, uwar adashi za a kira ɓarauniya. Maganin shi ne a rufe adadin cikin kilas ɗin Asusu, a ajiye shi da sefa kaɗai, ba mai shiga sai ta ƙofa biyu: zubi da kwasa. Ƙofar zubi ta ƙi kuɗin da bai kai ba, ƙofar kwasa ta ƙi wadda ba ranarta ba. Mai son gani da dala, wuri ɗaya ne ke raba masa da biyar. Sai a nan kalmar private ta daina zama abin hadda.

Gado ba shi da wuya: uwar adashi mamba ce, da ƙarin aikin tara kuɗi. Amma mai hannu biyu ba ta bukatar sabon kilas, lamba ce kawai ta canja. A ganinmu ɗalibai na cika son gado fiye da kima, don shi ne ya fi sauƙin zanawa.

Sai biya. Wata ta kawo hannu da hannu, wata ta turo ta Airtel Money, wata ta Nita. Adashi umurni ɗaya yake bayarwa, a biya, kowace hanya ta yi shi yadda ta saba. Gobe in sabuwar hanya ta zo, kilas ɗaya za a ƙara, ba a taɓa sauran.

Abin da muke roƙon malamanmu ke nan: aiki guda na gida, daga farkon zango zuwa ƙarshe, rukuni-rukuni, tunda ba kowa ke da kwamfutarsa ba, ga kuma ɗauke wuta. A tsakiyar zango malam ya canja doka, ya ce yanzu akwai tara ga wadda ta yi lattin zubi, a ga rukunin da zai gyara wuri ɗaya da wanda zai kwana yana gyara wurare ashirin.