Alama a Cikin Ɓad da Bami

Akwai wani wasa da nakan zana wa yara a kan rairayi, watau hanyoyi masu sarƙaƙiya, mashiga guda, mafita guda. Zanen lunguna ba wuya, wuyar tana wajen ɓoye alama. In ka bar ta a fili, yaro bai koyi kome ba. In kuwa ka hana ta sam, sai ya karai, ya ce shi daƙiƙi ne, wannan magana kuwa takan bi shi har cikin lissafi.

Garin Yerwa, wanda aka kafa a 1907, shi ya nuna mini dabara. Dandal ya fi sauran hanyoyi faɗi, ya miƙe gabas har ƙofar fadar Shehu. Baƙon da ya ɓace cikin lungunan Hausari, da ya fito Dandal ya gane gari. Saboda haka nakan faɗaɗa hanyar gaskiya kaɗan, in yar da ɗan dogon yaro a bakinta, kamar iska ce ta kawo shi, sa'an nan in yi shiru.

To, 'yan'uwana malamai, abin da yaro ya gano da kansa ba ya mantawa. Lalle haka ya kamata tambayoyinmu a aji su zama.