Agadas, Inda Ake Gyaran Azurfa Tun Tana Kaki

'Yan'uwana mata, wannan mako zan kai ku arewa, ƙasar Abzin, mu ga yadda ake ƙera kayan adon da muke saye a kasuwa ba mu san wahalarsu ba.

In kin tashi daga Kano, sai ki bi ta Damagaram. Daga nan akwai sauran tafiya fiye da kilomita 400, ta Tanut da Adarbisinat, itatuwa suna raguwa, rairayi yana ƙaruwa. Abin da za ki fara hange shi ne hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da jar ƙasa, tsawonta mita 27. An kafa masallacin wajen 1515, aka sake gina shi a 1844. A 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

To, ki shiga lungunan garin, ki bi ƙarar masaba. Maƙeran Buzaye, waɗanda ake kira inadan, gadon sana'ar suka yi. Maza suna aikin azurfa, matansu suna dukanci. Abin da ya fi fito da sunansu shi ne wani abin wuya mai zobe a sama da jiki mai kusurwa, wanda Turawa suka laƙaba wa suna gicciyen Agadas. Akan lasafta irinsa 21, galibi da sunayen garuruwa, kamar Tawa da Ingal da Bilma da Timiya. A da, tsohon kuɗin azurfa na Ostiriya, mai hoton Sarauniya Mariya Tariza da shekarar 1780 a jikinsa, shi akan narka a yi su.

Ga yadda aikin yake. Maƙeri ba ya fara taɓa azurfa. Kakin zuma yakan ɗauka, ya ɗumama shi a bakin wuta, ya mulmula, ya fid da siffar abin da ake so. Sa'an nan ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya bar 'yar kafa. In ya bushe, sai ya sa a garwashi, ya yi ta zuga, kaki ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. Cikin gurbin nan ake zuba narkakkiyar azurfa. Da ta huce sai a fasa yumɓun. Watau kowane abin wuya da nasa gida, kuma gidan ba ya moruwa sau biyu. Bayan haka ne za a goge shi da magagari, a zana masa ado da ɗan kurfi, a wanke shi ya yi ƙyalli. Waɗansu maƙera kan rubuta sunansu a baya da rubutun Tifinag.

Abin lura a nan, 'yar'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kin ba da aiki, ki roƙi a nuna miki shi tun yana kaki. Ki ɗora shi a ƙirji ki duba madubi. Ya yi faɗi? Kafar igiya ta yi ƙanƙanta? Gefe ɗaya ya ɗara ɗaya? A lokacin nan gyara ba ya cin komai sai ɗan ɗumi da yatsa. Amma fa in an riga an zuba, magagari ragewa kaɗai yake yi, ba ya ƙari. Babban gyara sai an sake narkewa, ga ladan aiki na biyu, ga azurfa tana ɗan raguwa. Kada kunya ta hana ki magana, gwani ba ya jin haushin mai gyara da wuri. Har wa yau, in tsohuwar munduwarki kika kai a sāke, a auna ta a gabanki, a kuma auna sabon abin ran karɓa.

Tawayen 2007 ya kori baƙi masu yawon buɗe ido daga Abzin, ciniki ya faɗi, maƙera da yawa suka shiga kai kayansu Yamai da ƙasashen waje. Saboda haka in kin sami aikin hannu na ainihi, kada ki taya shi kamar na inji. Kwana da kwanaki ne na mutum a gaban wuta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.