Godiya ga Kawu, Tsohon Malamin Daji

  Kawu, na zaɓi in gode maka a bainar jama'a, don yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da tukwicin da ya wuce wannan.

Da na sami gurbi a sashen nazarin gandun daji da namun dawa na Jami'ar Bayero, dariya aka yi mini a unguwarmu ta Zawaciki, har wasu na cewa gadin birai zan koyo. Kowa so yake ɗansa ya zama likita ko lauya, in ta gagara ya nemi aiki a kamfanonin Challawa ko Sharaɗa. Kai ne ka ce in karɓa da hannu bibbiyu, ka kuma ciri kuɗin rajista daga ɗan fanshonka, Inna ma ba ta sani ba sai daga baya.

A aji an koya mana dokoki: yarjejeniyar CITES ta 1973 wadda ta taƙaita cinikin dabbobi da tsirrai masu shirin ƙarewa, da dokar da Nijeriya ta kafa a 1985 don aiki da ita. Yadda ake ɗaukar doka daga takarda a shiga daji da ita kuwa, a wurinka na gani. Ranar da ka kai ni dajin Falgore, ka tsuguna a kan turbar da gada ke bi zuwa ruwa, ka zaro tarkon waya daga ƙarƙashin busasshen ganye. Ba ka bar ni na taɓa ba sai da na rubuta rana da wuri da sunan wanda ya shaida, ka ce alƙali da hujja yake aiki. Ka kuma ja mini kunne kada in raina mafarauci ko mai yin gawayi, domin sun fi ni sanin dajin, kuma ma'aikacin da ya ɓata da mutanen ƙauye ba mai tsegunta masa komai.

Babban alherinka shi ne da ka juyo da idona gida. Ka ce wanda ya tashi kusa da kogin Challawa ba sai ya yi nisa zai sami abin tsarewa ba. Ruwan da masana'antun jimar fata da na rini ke saki daga Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi zuwa Jakara. Tare muka tsaya bakin wata magudana, ruwa baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga wani manomi ya jefa tiyon injinsa yana ba latas ruwa. Kai ka riƙe mini kwalba na ɗiba, kuma a kan wannan ruwa na rubuta kundin kammala karatuna: yadda sinadarin kuromiyam da ake jima da shi yake taruwa a ƙasa da ganye. A nan na san cewa hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idoji tun 2009 kan abin da masana'antun fata da na tufafi za su iya zubarwa.

Yanzu da na gama, ƙofofin aiki ba ɗaya ba ne. Akwai Hukumar Gandun Dajin Ƙasa mai kula da Kamuku da Kainji da Gashaka Gumti, akwai kwastan masu kama hauren giwa a kan iyaka, akwai hukumar gidan zoo da namun daji ta Kano. Ni dai duba masana'antu na sa a gaba, saboda 'yan uwanmu ne ke aiki a cikinsu, su ne kuma ke cin abin da aka noma da ruwansu.

Allah ya saka maka da alheri, Kawu. Ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa abin da ka kashe a kaina ya zame maka sadaka mai gudana. A gaida Gwaggo da yara.

Ɗanka, daga Zawaciki.