Munshari Ba Daɗin Barci Ba Ne

A ƙasarmu in mutum ya samu, jiki ne ke fara faɗi. Wuya ya yi kauri, haɓa ta ninku, sai mu ce wane ya ji daɗi. In ya kwanta yana munshari har maƙwabta na ji, mu ce barcin mai wadata ke nan. Amma akwai munsharin da ke cuta ne.

Mu mutanen Gure mun san rijiyar da aka gina cikin rairayi. In ba a ɗaure ta da siminti ba, ƙasar gefe ke rufto mata. Haka maƙoshin mutum yake. Daga ƙasa, maƙogwaro yana da guringuntsi mai riƙe shi a buɗe. Amma daga sama, bayan harshe da beli, tsoka ce zalla. In mutum na farke, tsokar tana riƙe hanyar iska. In barci ya ɗauke shi, sai ta saki.

Kitse kuwa ba a tumbi kaɗai yake taruwa ba. Yana shiga gindin harshe da gefunan maƙoshi, inda ido ba ya gani. Sai hanya ta ƙuntata. Iska na kutsawa da ƙyar, nama na kaɗawa: munshari ke nan. In hanyar ta rufe ɗungum, numfashi ya tsaya sakan 10 ko fiye, har mutum ya zabura ya ja iska, ya koma barci bai sani ba. Likitoci na ƙirga wannan tsayawa. Daga sau 5 a awa guda cuta ta fara, sau 30 kuwa ta yi tsanani.

A ajinmu na yaƙi da jahilci na koyar da wani ɗan kasuwa, dattijo mai jiki da kaifin hankali. Kullum kafin mu gama layi biyu a allo, alli ya faɗi daga hannunsa. Abokai na yi masa ba'a. Ya ce mini: "Malam, wallahi da wuri nake kwanciya, amma in tashi kamar na kwana noma." Maiɗakinsa ce ta warware mana zance. Ta ce yakan yi shiru tsakiyar munshari, har ta taɓa shi ta ji ko yana da rai.

Irin wannan barci yana jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ku kuma tuna da direban da ke gyangyaɗi tsakanin Damagaram da Difa, mota cike da mutane.

Abin yana da magani. A shekarar 2000, masu bincike a Wiskonsin ta Amurka sun nuna in mutum ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, tsayawar numfashin kan ragu da kusan kashi 26. A 2020, a jami'ar Fensilbaniya, aka gano kitsen harshe ma yana raguwa in an rage ƙiba, kuma sauƙi na biyo baya. Tun 1981 wani likitan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da na'ura mai hura iska ta hanci, tana riƙe hanyar a buɗe har safe.

Ga abin da kowa zai iya. Ari awon tela ka auna wuyanka. In namiji ya wuce santimita 43, mace ta wuce 40, a kula. A rage maiƙo da sukari, a yawaita tafiya a ƙasa. A kwanta ta gefe, a bar rigingine. Kada a kai wa wanzami ya cire beli, don askarsa ba ta kai ga kitsen gindin harshe. Siriri ma na iya kamuwa, saboda haka alama ita ce abin bi.

Mai barci bai san abin da yake yi ba. Ke uwargida, kai abokin tafiya, ku ne shaidu. In kun ji numfashi na yankewa, ku faɗa masa, ku raka shi wurin likita. Allah ya ba mu lafiya, amin.