Na raba shi da kwalba, na bar shi da ciwonsa

Ni na matsa aka kai ƙanena gidan mari. Hajiyarmu ba ta so ba, na ce mata mai shan kodin da tiramol ba lallashi yake buƙata ba, horo yake buƙata. A 2018 ke nan, shekarar da BBC ta fallasa cinikin kodin, gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk mun ɗauka in an raba yaro da kwalba shi ke nan.

Ya dawo a rame, da tabon mari a idon sawu. Ba a jima ba ya koma ruwa, har ya ƙara da ƙwayar roci. Sai da 'yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019, aka nuna mutane cikin sarƙa, sannan jikina ya yi sanyi, muka nufi asibiti.

Likitan ƙwaƙwalwa ya yi masa tambayar da ni yayansa ban taɓa yi ba: "Wanne ya riga, rashin barcin ko kwalbar?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun rasuwar Baba ba na barci. Da na sha sai tunanin ya lafa." Ciwon damuwa ne, ya daɗe da shi, ni kuwa iskanci nake kiransa.

Ashe abubuwan biyu ciyar da juna suke yi. Damuwa ta tura shi sha, in mayen ya sake shi ta dawo ta ninka. Shi ya sa likita ya ce ba za a jira ya daina sha kafin a taɓa damuwar ba. Roci ba a yanke shi dare ɗaya, yana iya jawo jijjiga, sai an riƙa ragewa. Maganin damuwa kuma sai ya yi makonni kafin ya kama jiki, wasu irinsa ma ba sa shiri da tiramol. Dole mai rubuta wannan ya san da wancan. Mai gidan mari bai san ko ɗaya ba, ni ma ban tambaya ba.

A 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Amma har yau maƙwabta na zuwa a asirce su ce in nuna musu inda na kai ƙanena da farko. Kwatancen asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Dawanau nake yi musu, wasu su tafi suna ganin rowa na yi.