Kunun Gidan Wa Ne?

A Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa ta Jihar Kano, ba a cika sayen kunun zaƙi kai tsaye ba. Yarinya ta sauke bokitinta a gindin darbejiya, dattijo ya miƙo hannu yana tambaya, "Ke 'yan mata, na gidan wa ne?" Ta faɗi gidan, ta ɗebo kaɗan a ludayi ta ce, "Ɗanɗana ka ji, Baba." Ya kurɓa, ya juya shi a baki, sannan ya yanke hukunci: citta ta ji, amma an cika ruwa.

A Amurka da Ingila akwai ƙananan gidajen giya da ke dafa tasu da kansu, mutane na zuwa suna kurɓar iri-iri a ƙananan kofuna suna gardamar wadda ta fi. Mu nan giya haramun ce, kuma tun shekarar 2000 Kano ke bin shari'a. Amma gardamar harshe kam mun gaje ta, sai dai tamu a kan kunu, zoɓo da fura take.

Abin da ke jawo gardamar shi ne hannu. Gero ɗaya ne, daga gonakin da suka kewaye garin, amma kowace mace da nata sirrin. Za ta jiƙa geron, ta haɗa da citta, kanumfari da busasshen dankalin Hausa, a kai markaɗe. Sai ta raba ƙullun biyu: kaso mai yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, idan ya ɗan huce ta zuba ɗanyen a kai. Wannan ɗanyen, musamman in akwai tsiron hatsi a ciki, shi ke tsinka kaurin ya fito da zaƙi tun kafin a sa sukari. A rufe ya kwana, da asuba a tace. Wadda ta yi gaggawar haɗawa da zafi, kununta ya fito salam. Wadda ta bar shi ya wuce lokaci, tsami ya ƙwace mata kasuwa. Da irin wannan tsiron ne, na dawa, matan Maguzawa ke dafa burkutu. Su suna barinsa kwanaki ne har ya zama abin maye, mai kunu kuwa dare ɗaya take ba shi.

Zoɓo ma haka. Na wani gida ja ne wur da ƙamshin kanumfari, na wani kuma an labta masa kala da sinadarin zaƙi, ka sha ɗaci ya tsaya maka a maƙogwaro. Kunun aya ya fi su duka tsada da tsautsayi: aya, dabino da kwakwa, amma in babu ƙanƙara a kula, kafin la'asar ya juya. Shi ya sa mai hankali ke sayensa da hantsi.

Lemon kwalba ɗanɗanonsa ɗaya daga Legas har Maraɗi, ba wanda zai tambayi wa ya yi shi. Kunu kuwa sunan gida yake ɗauke da shi. Matar da ba ta taɓa zama a kasuwa ba, kasuwa ta san ta, kuma da wannan ciniki ake sayen sabulu, ake tara kayan ɗakin 'ya.

Abu ɗaya ke rage armashi: gorunan roba da ake tsintowa a sake ɗurawa. Iyayenmu mata, ku wanke su da ruwan zafi da sabulu, ku tace kunun da ruwa mai tsabta. Mu kuma masu sha, in mun ɗanɗana ya yi daɗi, mu biya ba ragi, mu aika wa mai shi da yabo.