Kwanan Daji da Iyali: Abin da Ya Raba Amurka da Ƙasar Hausa

Da zarar makarantun Amurka sun tafi dogon hutu a watan Yuni, sai manyan hanyoyi su cika da motocin iyalai, an loda tanti da bargo da kayan girki. Magidanci kan kwashi matarsa da 'ya'yansa su yi mako ɗaya ko biyu suna yada zango daga wannan gandun daji na jiha zuwa wancan, suna kwana a ƙasa alhali sun baro gida da gadaje. Bahaushe in ya ga haka, tambayarsa ta farko ita ce: wa suka je gani? A wurinmu tafiyar iyali mutum ne a ƙarshenta, ko Sallah a garin iyaye, ko biki, ko ta'aziyya. Daji wurin noma ne da kiwo da farauta, wanda ya kwana cikinsa lalura ce ta kai shi. Mutane da yawa kan tsaya nan su ce bambancin na hali ne. Ni a ganina hukuma ce ta gina wa Amurkawa wannan al'ada da kuɗin jama'a, kuma tarihi na bayan wannan magana.

A 1885 jihar New York ta keɓe bakin ruwan Niagara domin kowa ya shiga, sauran jihohi suka bi sahu. Amma babban aikin a lokacin talauci aka yi shi. A 1933, tattalin arziki ya durƙushe, Shugaba Roosevelt ya kafa rundunar matasa marasa aiki da ake kira CCC, kuma kafin a rufe ta a 1942 kimanin mutum miliyan 3 sun ratsa cikinta. Su suka fitar da hanyoyi, suka gina rumfuna da banɗakuna da wuraren kafa tanti a ɗaruruwan gandayen jihohi, wasu har yau ana amfani da su. Sai dokar manyan hanyoyi ta 1956 a zamanin Shugaba Eisenhower, wadda ta shimfiɗa tituna masu tsawon mil 41,000. Tun kafin wannan doka ma, ɗan kasuwa bai jira gayyata ba. Wani ƙaramin kantin magani a Dakota ta Kudu, Wall Drug, ya fara kafa alluna a bakin titi a 1936 yana yi wa matafiya alkawarin ruwan ƙanƙara kyauta. Yau ya zama zangon da iyalai ke tsayawa kafin su wuce gandun Custer kallon garken ɓauna.

Za a ce mu ba mu gaji kwanan waje ba. Wannan bai yi daidai da tarihi ba, domin fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro watanni suke yi suna kwana a zango bayan madugu, makiyayi kuwa har gobe da iyalinsa yake tashi. Za a kuma ce shagalin mai ƙoshi ne, kuma akwai gaskiya a ciki, don sai da mota da mai da hutun aiki. Sai dai a can kwanan tanti shi ne hutun mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya biyan otal ba. Hujja mafi ƙarfi kuwa tana cikin tarihin baƙaƙen fatar Amurka. Shekaru da dama gandayen jihohin kudu a rufe suke gare su ko a ware musu gefe, har daga 1936 suka dogara da wani littafin jagora, Green Book, domin sanin inda za su kwana lafiya. Sha'awar tafiya suna da ita, aminci ne babu, sai da dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta buɗe ƙofa. Bai kamata kuma a manta cewa duwatsun Black Hills, inda Custer yake, ƙwace su aka yi daga ƙabilar Lakota ba, abin da Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a 1980.

Wuraren muna da su. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ga giwaye ga ruwan ɗumi na Wikki. Nijar na da gandun W da raƙuman dawa na Kure. Amma dajin Kamuku a Birnin Gwari ya zama maɓoyar 'yan bindiga, a Kure kuma an kashe mutum takwas a harin Agustan 2020. Babu uban da zai ɗauki 'ya'yansa ya bi hanyar da yake tsoron masu garkuwa da mutane, komai kyan abin da ke ƙarshenta. Gwamnonin da ke yawan maganar yawon buɗe ido su fara da tsaron hanya da biyan masu gadin daji albashinsu kan kari, sannan su sa kuɗin shiga daidai aljihun malamin firamare.